Zafin nan na Zariya: gawayinmu ne ya jawo ko hayaƙin wasu?

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin abin ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Jiya naji wani baƙo a rediyo yana bayanin ɗumamar yanayi, yace akwai wasu iskoki da ke taruwa a sama suna riƙe zafi, da aka tambaye shi daga ina suke fitowa sai ya kama lissafo gawayi, itacen girki, shanu, takin zamani har da shinkafar fadama. To kenan matanmu masu hura gawayi da Fulani masu kiwo su suka jawo mana wannan zafin da muke sha daga Maris zuwa Mayu? Mu da ko wutar kirki ba ma samu? Gaskiya maganar bata kwanta min ba.

Maman Ilham, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Nima naji shirin ina cikin suyar waina, raina ya ɓaci wlh. Kilon gas ya haura dubu tun tuni, kananzir kuma ba a ma maganarsa, da me ake so mu dafa? In an hana gawayi sai a kawo mana abin da zamu ɗora tukunya a kai.

Malama Geography, Samaru:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa bari na fara da yadda abin yake aiki, sai mu zo kan waye mai laifi, don in ba a raba su ba rigima kawai za a yi ta yi. Hasken rana yana ratso iska ya sauka ƙasa, ƙasa ta ɗau zafi, sai ta riƙa mayar da zafin nan sama. Mafi yawan iskar da muke shaƙa, wato naitirojin da oksijin, ba ruwansu da wannan zafin, wucewa yake ta cikinsu. Amma akwai 'yan kaɗan da ke tare shi su dawo da wani sashe ƙasa: tururin ruwa, kabon dayoksaid (kabon a taƙaice), miten da naitiros oksaid. Kamar bargo ne, bargo baya ƙirƙirar zafi, zafin jikinka yake hanawa fita. Kuma asalinsu rahama ne, da babu su da matsakaicin zafin duniya yana wajen digiri 18 ƙasa da sifili, ƙanƙara zalla, maimakon wajen 15 da ake da shi. Matsalar ita ce an ƙara masa kauri. Kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid yana wajen kashi 280 cikin miliyan na iska, yanzu ya wuce 420. Kuma ba ƙiyasi bane, tun 1958 ake auna shi a tsaunin Mauna Loa da ke Hawai, wani masani Charles Keeling ya fara, lokacin yana wajen 315, kuma tun daga nan hawa kawai yake.

Kawu na Ƙofar Doka:
Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Amma ni fa tsoho ne na ga jiya na ga yau. Farin 1973 da idona na gani, shanu suna faɗuwa, mutane suna gangarowa daga arewa da ƙwarya a hannu. Iyayenmu kuma sun bamu labarin yunwar Kakalaba ta wajen 1914, lokacin mota nawa ce a ƙasar Hausa? Zafi da fari tun fil azal akwai su. Ni abin da na sani shi ne Zariya garin rimaye ne da kuka da ɗorawa, har unguwanni aka sa wa suna da rimi, Rimin Tsiwa, Rimin Doko, yau fa ina suke? An sare, an yi gini, an rufa kwano, an zuba siminti a tsakar gida. Gidan ƙasa mai soro da muka taso ciki ko da azahar da sanyinsa. Wannan shi ne zafinku, ba wata iska ta Turawa ba.

Malama Geography, Samaru:
Kawu Allah ya ƙara girma, rabin maganarku gaskiya ce tsantsa kuma ita ake yawan mantawa. Zafi iri biyu ne ya haɗe mana. Akwai na cikin gari wanda mu muka jawo da hannunmu, sare itatuwa, kwano, kwalta, siminti, shi yasa in mutum ya baro PZ ko Kwangila da rana ya shigo cikin jami'a inda itatuwa suke zai ji bambanci a jikinsa nan take. Wannan namu ne kuma maganinsa na hannunmu. Amma akwai na biyu wanda ya shafi duniya gaba ɗaya har tsakiyar teku inda ba a sare ko reshe ba, har ƙanƙarar ƙarshen duniya da ke narkewa. Duniya ta ƙara zafi da sama da digiri 1 idan aka kwatanta da shekarun 1850 zuwa 1900, kuma 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara rubuta ma'auni. Fari kam an yi a da, ba wanda ya musa, amma masana sun haƙo tsohuwar ƙanƙarar Antatika wadda ta kulle ƙwayoyin iskar zamanin da a cikinta, suka auna, cikin shekara 800,000 kabon bai taɓa wuce wajen 300 ba sai a zamaninmu.

Abba Kongo:
Anti Malama ni a makaranta ce mana aka yi lemar ozon ce ta huje shi yasa rana take shigowa da ƙarfi. Ba shi bane kenan?

Injiniya Mai Sanyi, Kwangila:
Abba wannan daban wancan daban, bari ni na amsa tunda sana'ata ce. Ozon wata iska ce can sama da ke tare hasken rana mai cutarwa, hujinta kuma tsohon gas ɗin firji ne ya jawo shi, irin R12, aka yi yarjejeniyar Montiriyal a 1987 aka hana shi kuma hujin yana ta warkewa a hankali. Amma ga inda gizo ke saƙa, gas ɗin da aka kawo a madadinsa baya cin ozon amma wajen riƙe zafi bala'i ne. R134a na firji da esin mota, kilo ɗaya yana riƙe zafin da ya kai na kabon kilo 1,400 da wani abu, R410A na esin gida ya kai wajen 2,000. Mu kuma a nan yadda ake aiki, yaro zai zo gyaran esi ya kwance nati ko ya sa fulaya ya datse bututun jan ƙarfen, kaji tsiiiii, farin tururi ya fita har bakin bututun yayi raɓa, minti biyu ya ƙare, sai a ɗura sabo a karɓi kuɗi. Injin da ake zuƙe gas ɗin a adana a silinda yana da tsada, shagunan da ke da shi ba su da yawa. Ni dai abin da nake yi in zan cire esi ina mayar da gas ɗin cikin kwamfuresa na waje in kulle bawul kafin na kwance, ba ko sisi da ake kashewa, mai gida ma ya huta sayen wani. Sabbin firji masu R600a su kam da sauƙi sosai ta wannan ɓangaren, sai dai yana kama wuta, a kiyaye wajen walda.

Abba Kongo:
Ikon Allah, ban taɓa sanin haka ba. Na gode Injiniya.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Duk na fahimta, amma har yanzu ba a taɓo tambayata ba. Waye ya cika saman da hayaƙin?

Ɗan Samaru mai nazarin ƙasa:
Yaya Baban Khalifa amsar a fili take kuma ba mu bane. Kaso mafi girma daga ƙona kwal ne da man fetur da gas, a tashoshin lantarki da masana'antu da motoci da jirage, sai siminti wanda shi kaɗai yana bada wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na kabon ɗin duniya. A yau Chaina ce kan gaba, kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da ake fitarwa duk shekara, amma in aka tara tun farko Amurka ce ta fi kowa, sai ƙasashen Turai, Ingila ma ita ta fara ƙona kwal a masana'antu tun ƙarni na 18. Afirka gaba ɗayanta da mutum sama da biliyan ɗaya bata kai kashi 4 cikin ɗari ba. In aka raba kan mutum ɗaya, Ba'amurke yana fitar da wajen tan 14 a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan 1 ba. Abin da ya sa tarihin yake da muhimmanci shi ne kabon baya gushewa da wuri, wani sashe nasa yana ɗaruruwan shekaru a sama, wato hayaƙin da aka yi tun kafin a haifi kakanninmu har yanzu yana aiki a kanmu. Kuma ba jiya aka gano ba, tun 1896 wani masani ɗan Suwidin Svante Arrhenius ya lissafa cewa in kabon ya ƙaru duniya zata ɗumama.

Maman Ilham, Sabon Gari:
Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Su sun ƙona sun yi arziki, mu muna kwana a tsakar gida yara na kuka da ƙurajen zafi, sannan a zo rediyo ace gawayina.

Bappa na Shika:
Assalamu alaikum. Ni maganar shanu ce ta kawo ni. Tun kaka da kakanni muke kiwo a ƙasar nan, yau kuma ace saniya ce ke ɗumama duniya? Ina jin tsoron irin wannan magana domin gobe da ita za a fake a ƙara takura makiyayi, dama burtali duk an nome.

Ɗan Samaru mai nazarin ƙasa:
Bappa barka da zuwa. Maganar tana da tushe amma yadda ake faɗinta ne ba adalci. Saniya da tunkiya da akuya, duk mai tuƙa, akwai ƙananan halittu a tumbinta da ke narka ciyawa, wajen narkawar suna samar da miten, yawanci ta gyatsa take fita. Miten kuma ta fi kabon ƙarfi, cikin shekara 20 ta ninka shi wajen sau 80, cikin shekara 100 wajen sau 28, sai dai bata daɗewa, wajen shekara 12 take yi ta lalace. Manyan garkunan duniya suna Indiya da Barazil da Amurka da Chaina. Saniyar madara ta Turai mai cin abinci kamar inji ta fi bunajinmu fitar da miten nesa ba kusa ba in kai da kai za a gwada. Amma in aka auna da litar nono tamu ta fi, saboda tana shan wahalar rani, ta rame, ta ci busasshiyar ciyawa mai wuyar narkewa, nonon kuma kaɗan. Kaga maganin ba rage Fulani bane, a samu abinci mai kyau da rani, harawar wake da ta gyaɗa, dusa, ƙuli-ƙulin auduga, ruwa da rigakafi, irin binciken da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ke yi a nan Shika kusa da ku. Saniyar da ta ƙoshi nononta ya fi, ribar makiyayi ce kafin ta zama ta duniya.

Bappa na Shika:
In haka ne ba musu. Harawa kam mun san amfaninta, tsada ce ke hana mu.

Malam na Kona:
Jama'a ina biye da ku. Ina so in ja hankali kan masu cewa ai zafi daga Allah ne a bar maganar. Babu shakka komai da ƙaddarawarsa yake, amma ai Shi ya faɗa mana a Suratur Rum aya ta 41 cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Ciwo ma daga Allah ne amma muna zuwa asibiti. Kuma ya tabbata a hadisi cewa wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ce. Don haka ni ina tare da Kawu wajen itatuwa, ina kuma tare da Malama wajen cewa a saurari masu ilimin fannin.

Sani Ɗanmagaji:
Ni fa ina da shakku. Wani bidiyo na gani a Facebook ana cewa rana ce da kanta ta ƙara zafi, kuma dutse mai aman wuta guda ɗaya ya fi duk motocin duniya hayaƙi. Anya ba so ake a hana mu haƙo manmu ba tunda su sun gama cin moriyar nasu?

Malama Geography, Samaru:
Sani duka biyun an auna. Tun ƙarshen shekarun 1970 taurarin ɗan adam ke auna ƙarfin rana kuma bai ƙaru ba, zafin duniya ne ke ta hawa. Wata shaidar ma, da rana ce da sama da ƙasa duk zasu ɗumama tare, amma abin da aka gani can ƙololuwar sama sanyi take ƙarawa yayin da nan ƙasa ke zafi, alamar an tare zafin ne a ƙasa baya isa can. Duwatsu masu aman wuta kuwa duk na duniya in aka haɗa, kabon ɗinsu na shekara wajen kashi 1 cikin ɗari ne na wanda mutane ke fitarwa. Amma zancenka na biyu ban watsar da shi ba, siyasa kam akwai ta a ciki, ƙasar da ta gina kanta da kwal bata da bakin hana mai duhu kunna fitila. Sai dai siyasar daban, ma'aunin zafi daban.

Ɗan Samaru mai nazarin ƙasa:
Kuma in ana neman inda Najeriya ke da laifi na gaske a duba Neja Delta. Shekara da shekaru ana ƙona gas ɗin da ke fitowa tare da ɗanyen mai a banza, wuta na ci dare da rana a bakin bututu, muna cikin ƙasashe goma na farko a duniya wajen wannan a lissafin Bankin Duniya. Gas ɗin da zai iya bada lantarki ko ya shiga silindar Maman Ilham. Ga kuma janareto, kowace litar fetur da aka ƙona tana bada wajen kilo 2.3 na kabon, dizal wajen 2.7, ku lissafa janareton da ke ruri a Sabon Gari kaɗai daga magariba zuwa sha biyu. Ba son ransu bane, rashin wuta ne. Buhari lokacin yana shugaban ƙasa ya yi alƙawari a taron sauyin yanayi na duniya na Gilasgo a 2021 cewa zuwa 2060 Najeriya zata daidaita abin da take fitarwa da wanda take shanyewa, a shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ma da aka fara a 2020 in ya fara aiki sosai zai canza lissafin arewa. Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata a yi wa masu mulki a rediyo.

Maman Ilham, Sabon Gari:
To alhamdulillah, gawayina ya fita kenan.

Malama Geography, Samaru:
Maman Ilham 'yar uwa ban ce ya fita gaba ɗaya ba fa, kar na yaudare ki. A lissafin duniya kasonki ɗan mitsitsi ne, wannan haka yake. Amma gawayi yana cin mu ta wata hanyar. Itace yana girma ne da kabon ɗin da ya zuƙa daga iska, in an sare an ƙona ya koma sama, in wani ya tsiro a gurbinsa ya sake zuƙewa an yi canjaras. Mu kuma sarewa ake ba a mayarwa. Kuma yadda ake yin gawayin a rami a rufe da ƙasa, sai an ƙona itace kilo biyar zuwa goma kafin a samu kilo ɗaya. Da kirya da marke ake nema, da suka yi wuya yanzu har kaɗanya da ɗorawa ake kayarwa, itatuwan da ke bamu man kaɗe da daddawa, waɗanda a da manomi ko gona yake sharewa baya taɓa su. Wannan shi ne ke ƙona min rai wlh. Sai kuma lafiyarki, hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 duk shekara a duniya a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙa. Ba cewa nake ki daina ba tunda ba a baki madadi ba, amma murhun nan mai rufin yumɓu a ciki yana rage cin gawayi sosai a kan kurfoti na ƙarfe zalla, kuma ki riƙa yi a fili inda iska ke wucewa.

Maman Ilham, Sabon Gari:
Maganar ɗorawa gaskiya ne, kalwa ta yi tsada ba kaɗan ba. Murhun kuma na gani wajen maƙwabciyata, zan tambaye ta inda ta saya.

Manomin Galma:
Ni ban iya dogon turanci ba amma gona ta koya min. Da can in ruwa ya sauka a watan biyar ka shuka hankalinka kwance. Yanzu sai yayi sau biyu ka zuba iri ya tsiro, sai ya ɗauke sati biyu ko uku masara ta murɗe ganye ta bushe, ka sake sayen iri. In ya tashi dawowa kuma a watan takwas sai ya sauko kamar da bakin ƙwarya, dare ɗaya Galma ta cika ta haye fadama ta kwashe shinkafa. To wannan ma iskar ce? Kuma shi mai rediyon me ya gani a taki da shinkafa?

Ɗan Samaru mai nazarin ƙasa:
Baba wannan da kuka faɗa ya dace da abin da ilimin ya nuna. Duk digiri 1 da iska ta ƙara zafi tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa wajen kashi 7 cikin ɗari, kenan tana saurin busar da ƙasa, in ta tashi zubarwa kuma ta zubar da yawa lokaci guda. Wani bincike da ya fito a 2017 ya nuna manyan hadarai masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga farkon shekarun 1980. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, ga ta Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Ba komai za a ɗora wa yanayi ba, akwai toshe magudanai da gini a hanyar ruwa da rashin gyaran dam, amma ruwan kansa ya ƙara ƙarfi. Zafin ma haka, a azumin 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5.

Shinkafa kuma, in ruwa ya kwanta a fadama ya rufe ƙasa iska bata shiga, sai ruɓaɓɓen ciyayi ya riƙa fitar da miten, irin kumfar nan da kuke gani tana tasowa in kun taka taɓo. Masu noman rani da ke da iko da ruwansu in suna barin fadamar ta ɗan tsane kafin su sake ban ruwa miten ɗin na raguwa sosai, ga kuma sauƙin man injin ban ruwa. Na damina kam ba yadda za ku yi.

Amma taki shi ne inda nake so manoman gidan nan su tsaya, domin nan ne aljihunku da lafiyar sama suka zama abu ɗaya. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce. In aka watsa ta a saman busasshiyar ƙasa da rana tsaka aka tafi, wani kaso mai yawa yana tashi sama a matsayin amoniya, wannan warin mai hawa hanci da ake ji a gona bayan kwana biyu, kuɗinku ne ke tashi. In kuma aka zuba fiye da abin da shuka zata iya ci, ko aka zuba ƙasa na jiƙe sharkaf, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sai su juya wani ɓangare ya zama naitiros oksaid. Ita kuma wannan kilo ɗaya nata ya kai kabon kilo 270 da ɗoriya wajen riƙe zafi, tana kuma haura shekara 100 a sama. Kaɗan ce ke fita amma ƙarfinta ya sa ake lissafa ta.

Manomin Galma:
To ya ake so mu yi? Mu dai watsawa muka saba saboda lebura na da tsada.

Kawu na Ƙofar Doka:
Mu a zamaninmu takin gida muke kaiwa da jakai a mangala, Fulani su zauna a gona da rani su bar mana kashin shanu mu basu kara. Har yanzu ban sauka daga kan maganata ba, a mayar da itatuwa a gani in zafin garin nan bai ragu ba. Amma na ji bayanin ƙanƙarar nan ta Malama, zan sa jikana ya nemo min in gani da idona.

Ɗan Samaru mai nazarin ƙasa:
Kawu takin gida har gobe yana da muhimmanci, yana ma taimaka wa ƙasa ta riƙe laima lokacin da ruwa ya ɗauke. Baba Manomin Galma, abin da ake koyarwa shi ne a raba takin kashi biyu, NPK da wuri cikin sati biyun farko, yuriya kuma in masara ta kai sati huɗu zuwa shida. A sa tsinke ko bakin fartanya a huda rami ɗan nesa da gindin kamar tsawon yatsa, a zuba da murfin kwalba a rufe da ƙasa, lokacin da ƙasa ke da laima amma ba ta cika da ruwa ba, da safe ko da yamma. In za a yi huɗa a ranar to a zuba sannan a huɗe a kai, lebura ɗaya ya yi aiki biyu. A riƙa juya gona da waken suya ko wake ko gyaɗa, su da kansu suke tara naitirojin a saiwarsu, masarar da ta biyo baya bata buƙatar taki da yawa. A daina cinna wa kara da ciyawa wuta wajen sharar gona. Maganar ruwa mai ɗaukewa kuma, cibiyar binciken aikin gona ta IAR a nan Samaru sun fitar da ire-iren masara na SAMMAZ, a cikinsu akwai masu nuna da wuri da masu jure fari, ku je da kanku ku tambayi wanda ya dace da gonarku maimakon sayen iri a buɗaɗɗen kwano a kasuwa.

Manomin Galma:
Bana zan gwada a rabin gonar tudu, rabi in binne rabi in watsa yadda na saba, in Allah ya kai mu kaka zan faɗa muku buhu nawa kowanne ya bayar. Murfin kwalba ɗaya ga kowane gindi ko ga rami mai tsiro biyu?

Ɗan Samaru mai nazarin ƙasa:
Ya danganta da tazarar shukarku da ƙarfin ƙasar Baba. Ku turo min tazarar da kuke bari tsakanin kunya da kunya da tsakanin rami da rami, da ko kun sa takin gida bara, sai in lissafa muku daidai gonar.